Allon Anti Bilki ba kore ba ne

Anti Bilki ta rasu.

Da safen nan labarin ya same ni, ina tsaye a bakin titin Kawaji ina jiran adaidaita. Mijinta ne ya kira. Da na ga sunansa na ɗauka cewa zai yi jiki da sauƙi, tunda abin da muke ta gaya wa juna ke nan. Sai ya ce, "Safiya, sai haƙuri. Yayarki ta cika bayan asuba." Mai adaidaita ya tsaya a gabana yana ta tambayar ina za ni.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

An yi mata sutura, an kai ta kafin azahar. Yanzu na shigo gida, idona a kumbure. Kuma zan gaya muku gaskiya, ba baƙin cikin rashi kaɗai ke cina ba. Raina a ɓace yake. An yi wa baiwar Allah nan ƙarya yau, a ranar da ba za ta iya buɗe baki ta ce ba haka ba ne, kuma da hotonta aka yi ƙaryar.

Ku yi haƙuri da tsawon rubutun. Sai na faro daga farko za ku gane.

Anti Bilki ita ce babbar injiniyarmu a wurin aiki. Ƙaramin kamfani ne a Nassarawa GRA, wani tsohon gida da aka mayar ofis, falo ya zama wurin karɓar baƙi, ɗakunan kwana suka zama namu. Manhaja muke rubuta wa ƙananan asibitoci: katin marar lafiya, maganin da aka rubuta masa, da gargaɗin da ke fitowa idan likita ya haɗa magunguna biyu da ba sa jituwa. Ba zan faɗi sunan kamfanin ba. Wanda ya sani ya sani.

Ita ta ɗauke ni aiki. Ita ta koya mini kusan duk abin da nake taƙama da shi yau.

Akwai wani abu da ta kafa mana, ta sa masa suna Dubagari. Wata 'yar manhaja ce da ke karanta kod ɗinmu, wato rubutun umarnin da muke yi wa kwamfuta, tun kafin a kunna shi. Ba ta jira abu ya lalace a hannun likita. Kana gama rubutu kana turawa, Dubagari zai bi shi layi layi, kamar yadda dubagarin da iyayenmu ke ba da labari yake shiga gida ya buɗe randa ya leƙa bayan ɗaki.

Abu biyu yake dubawa. Na farko tsafta: layin da ya yi tsawo har sai ka ja allo, abin da ka ajiye ba ka yi amfani da shi ba, sunan da ba ya nuna komai. Mu kuwa a lokacin gwanaye ne wajen sa suna. Za ka ga "abu", ka ga "abu2", ka ga "abu_sabo_na_gaske". Takan riƙe haɓa ta ce, "Haba jama'a, ko akuyar gidanmu sunanta ya fi wannan ma'ana."

Na biyu kuma sarƙaƙiya, kuma a kansa ne rigimar yau take.

Ban manta ranar da Dubagari ya fara dawo mini da aikina ba. Sati na yi ina fama da wani sashe, yana aiki kuwa lafiya lau, na tura ina jin kaina. Sai ga shi ya dawo ja, alamar bai amince da shi ba. Na zauna na cika na yi fam, ina cewa a raina na'ura ce za ta koya mini aiki? Anti Bilki ta jawo kujera, ta ajiye mini gorar zoɓo mai sanyi, ta ce, "Kwatanta mini gidanku."

Na ce a miƙe titi, a yi kwana a gidan mai, gida na uku.

Ta ce, "To a ce kwatancen ya zama haka: in kin zo masallaci ki bi dama, sai dai in Juma'a ce ki bi hagu, amma in an yi ruwa ki koma baya, in kuma mai shayi ya fito ki zagaye shi, sai dai in ba shi ba ne ƙanensa ne. Wa zai iso gidanku?"

Na ce ba kowa.

Ta ce, "To haka kika rubuta. Duk inda kika sa 'idan', hanya ta rabu biyu. Rabuwar nan Dubagari yake ƙirgawa. In ta wuce goma a sashe ɗaya, ba mai iya riƙe ta a ka, ba mai iya gwada kowace hanya ya ga inda ta ɓulle. Yau ke kin gane shi don ke kika rubuta. Baɗi ke ma baƙuwa ce a cikinsa."

Muka zauna muka warware shi tare har la'asar. Ba ta taɓa madannin kwamfutata ba ko sau ɗaya. Tambaya kawai take yi, ni ina gyarawa.

Haka take.

In ta ga ka yi shiru da yawa a bakin kwamfuta, za ta wuce ta ajiye maka gyaɗa a takarda ba ta ce komai ba.

Tana da hijabi na musamman a durowa saboda wadda ruwa ya doka a hanya.

Gidanta a Tudun Wada yake, amma sau nawa ta wuce gidanta ta kai ni har Kawaji, wai ai hira ce ba ta ƙare ba. Lokacin da mahaifina ya kwanta a asibiti, ita ta riƙe aikina, kuma sai da na dawo na gano cewa da sunana take turawa don kada a ce na yi fashi.

Ba kuma bautar lambar take ba, kada ku ɗauka irin mutanen nan ne. Akwai abokin aikinmu Nafi'u, wanda wata rana ya gaji da jan, sai ya ɗauki sashensa ya daddatsa shi, ya sa wa gutsattsarin suna kashi1, kashi2, kashi3, kowanne ya sauka ƙasa da goma. Dubagari ya ba shi kore. Ya zo yana murmushi. Anti Bilki ta karanta, ta yi dariya har da hawaye, ta ce, "Nafi'u, ka yi wa Dubagari wayo, amma ni fa ina da ido. Koma ka raba shi inda ma'ana ta rabu." Kullum tana gaya mana kore ba ya nufin aiki ya yi daidai. Shi dai ja cewa yake, ku zo ku duba nan.

Oga, wato mai kamfanin, ya taɓa kawo shawarar a riƙa lissafa sunayenmu, a ga wa ya fi tara ja a wata, a yi masa faɗa a mitin. A gabanmu ta ce masa, "Yallaɓai, ranar da aka sa suna, ranar kowa zai fara ɓoye nasa. Aiki muke aunawa, ba mutane ba." Ya bar maganar, amma daga fuskarsa ka san bai ji daɗi ba.

Shi ne dai ya sayo ƙatuwar talabijin ya kafa a falo don baƙi su riƙa ganin rahoton Dubagari. Akwatuna ne ƙanana a jere, kowane sashe da nasa, wasu kore wasu ja, wanda ya fi sarƙaƙiya yana can sama. Anti Bilki ta yarda, da sharaɗi ɗaya: abin da ke akwai shi za a nuna. In baƙo ya tambayi me ya sa waɗancan suka yi ja, da kanta take fitowa ta ce, "Nan ne muke aiki yanzu. Mun san inda ciwonmu yake." Har alfahari take da shi. Oga kuwa sai ya riƙa jan baƙin zuwa ofishinsa da sauri.

Sai ciwon ƙoda ya zo. Da farko tana zuwa tana aiki da ƙafa a kan kwali. Daga baya aka fara mata wankin ƙoda, zuwan ya ragu, har ya tsaya.

Ana cikin haka aka ce wasu masu asibitoci za su zo su ga aikinmu, babbar kwangila ce. Oga ya shigo falo ya tsaya ya harɗe hannu yana kallon allo. Ya ce, "Wannan jan kamar an shiga mayanka. A mayar mini da shi kore kafin mutanen nan su zo."

Muka ce aikin watanni ne.

Ya ce, "Wai wa ya ce goma? Saukar da ita aka yi daga sama?"

Ya sa Nafi'u a gaba, ya tsaya a kansa, aka buɗe inda aka rubuta ƙa'idar Dubagari, aka goge goma aka rubuta ɗari. Duba tsafta kuma aka kashe shi gaba ɗaya. Ko tsawon shan kofin shayi ba a ɗauka ba. Allo ya koma kore shar, daga sama har ƙasa, ba a gyara ko harafi ɗaya ba. Na ce masa wannan ba daidai ba ne, kuma Anti ba za ta yarda ba. Ya ce, "Na ɗan lokaci ne, Safiya. Ku matsalarku ba ku san kasuwa ba."

Baƙi suka zo, suka ga kore, suka yaba. Ɗan lokacin kuwa bai ƙare ba har yau.

Ganina na ƙarshe da ita, wata Asabar ce da yamma. Na same ta a falonta a kan katifa, ta rame ƙwarai, ƙafafu a kumbure, amma bakin nan yana nan yadda na san shi. Ko gaisuwa ba mu gama ba ta ce, "Ya mutumina Dubagari?"

Na gaya mata komai. Ba a yi wa Anti Bilki kwana-kwana, tana ganewa.

Sai ta fara dariya har tari ya sarƙe ta, na miƙa mata ruwa ta ce an hana ta sha da yawa. Ta ce, "Kore gaba ɗaya? Ɗakin nan kullum ana share shi, amma ɗaga kujerar can ki gani."

Sai dariyar ta ɗauke. Ta ce, "Kin san akwatin can na sama, wanda ya fi kowanne ja? Nawa ne."

Na sani. Duk mun sani. Sashen gargaɗin magunguna ne. Ta rubuta shi tun kamfanin yana ita kaɗai da teburi ɗaya, tun kafin a yi Dubagari. Duk likitan da ya bugo waya ya ce ai in yaro ne kaza, in mai ciki ce kaza, in mai hawan jini ne kaza, sai ta ƙara 'idan' ɗaya ta wuce. Haka ya yi ta tsiro har ya zama abin da ya zama. Ranar da ta kunna Dubagari, nata ya fara kamawa, ta kuma bar shi a sama kowa yana gani.

Ta ce, "Ni da na rubuta shi, yanzu ban san duk hanyoyin da ke ciki ba. Tsorona kada a ce akwai wata hanya da magani biyu za su bi su wuce ba gargaɗi. Ban same ta ba. Amma ba zan rantse babu ita ba. Shi ya sa na bar shi ja, don kada mu manta. In na tashi zan warware shi da hannuna."

Na ce za ki tashi, Anti.

Ta ce, "In sha Allahu. In kuma ban tashi ba, kada ki bari a rufa mini asiri a kan wannan. Ba irin asirin da ake rufawa ba ne, ɗan wani ne zai sha maganin."

Da zan tafi sai da ta sa aka ɗauko mini ledar busasshen zogale, wai in kai wa Umma. Mutum yana wannan hali, yana tuna uwar wani.

Ban sake ganinta ba sai yau, a cikin likkafani.

To yanzu ku ji abin da ya faru.

Muna zaune a cikin gida bayan maza sun tafi da ita, ina kusa da mahaifiyarta, Hajiya. Sai na ga waya tana yawo hannu zuwa hannu, mata suna cewa Allah sarki. Ta iso kaina. Shafin kamfaninmu ne na sada zumunta. Sun sa hotonta, wanda ta yi murmushi a bikin wata abokiyar aikinmu, a gefensa kuma hoton allon falo, kore shar. A ƙasa an rubuta wai gwarzuwarmu ta tafi ta bar mana aiki tsaf babu aibi ko ɗaya, wai a dubi allon da ta bari a ga shaida.

Ko daga makabarta ba a dawo ba aka sa wannan.

Hajiya ta ce, "'Yar nan, karanta mini, idona ba ya gani." Na karanta mata. Ta ɗaga hannu ta ce, "Alhamdu lillahi. Ashe ta gama aikinta kafin ta tafi. Kullum tana cewa akwai abin da ba ta ƙarasa ba."

Wallahi ji na yi kamar an watsa mini ruwan zafi. Ban ce wa Hajiya komai ba, me zan ce wa uwa a rana irin ta yau? Amma na san ba zan kwana da wannan ba.

Ku duba fa. Matar da ta ƙare ƙuruciyarta tana koya mana kada mu ɓoye datti. Matar da ta bar kuskurenta a saman allo shekara da shekaru, baƙi suna shiga suna fita. Ita aka ɗauko aka manna a jikin allon ƙarya, ana tallan kamfani da gawarta. Duk tsawon jinyar nan Oga bai taka gidanta ba. Sau ɗaya ya aiko direba da katan ɗin lemo. Lemo, ga mai ciwon ƙoda! Yau kuma ita ce gwarzuwa.

Daga gidan rasuwa ofis na wuce.

Na tarar har an sa hoton nata a firam, an jingine shi a kan teburi a ƙarƙashin talabijin. Oga yana zaune a falo da babbar riga yana karɓar gaisuwa, maƙwabtan ofis da abokan hulɗa suna shigowa, duk wanda ya zauna sai ya nuna masa allo. Na gaishe su, na ce, "Yallaɓai, ina son magana."

Muka koma baranda. Na ce, "A cire hoton allon nan daga shafi, a mayar da goma inda take."

Ya ce, "Safiya, yau ce ranar wannan magana? Ko ƙasar kabarinta ba ta bushe ba."

Na ce, "Ni ma abin da na gani ke nan, Yallaɓai. Ba ta bushe ba aka sa hoton."

Ya sassauta murya, irin ta manya in za su yi maka nasiha. Ya ce, "Ke yarinya ce. Kin ɗauka ban san na saman nan nata ba ne? Na sani. Musulmi alherin mamaci yake faɗa, ya rufa masa asiri. So kike mutane su shigo gaisuwa su ga aibinta a rataye a bango? Ni mutuncinta nake karewa."

Wato abin da aka koya mana tun muna yara, na kyautata wa wanda ya rigaye mu, shi aka ɗauko aka lulluɓe kwangila da shi. Da a kan wani abu ne tsakaninta da Ubangijinta, ni ce ta farko da zan yi shiru har abada. Amma wannan aiki ne da ke hannun likitoci yanzu haka da nake rubutun nan.

Na ce, "Da bakinta ta ce mini kada a rufa. Ta ce ɗan wani ne zai sha maganin."

Ya ce, "An taɓa samun matsala? Wani ya kawo ƙara?"

Na ce, "Ba a samu ba tukuna. Shi ya sa ake dubawa tun kafin a samu."

Ya gyara hula ya ce, "To ki ji da kyau. Ranar Litinin mutanen nan za su dawo sa hannu. In suka ga ja a falon nan, ke za ki yi musu bayani. Daga nan kuma ki san inda za ki nufa."

Na ce, "Zan yi musu bayani, Yallaɓai. Na sha ganin yadda take yi. Yanzu kuma zan shiga in mayar da goma, na gaya maka ne don kada a ce a ɓoye na yi."

Ina jin bai yarda zan iya ba. Ni ma ina jin tsoro, ba zan yi muku ƙaryar jarumta ba. Aikin nan shi ne abincina, kuma ba wani nake da shi a ajiye ba.

Na shiga ɗakinmu. Kujerarta tana nan, da kwalin da take ɗora ƙafa. Na kunna kwamfuta, na goge ɗari na rubuta goma, na kunna duba tsafta, na tura da sunana.

Dubagari yakan ɗan ɗauki lokaci kafin ya zagaye gidan duka. Na fito na tsaya a ƙofar falo. Akwatin farko ya juya ja. Sai wani. Sai wasu uku a tare. Wani Alhaji da ke cikin addu'a ya shafa, ya ɗaga kai ya ce, "A'a, talabijin ɗin ta lalace ne?"

Na ce, "A'a Alhaji, yanzu ta gyaru."

A can sama, daidai kan hotonta, akwatinta ya koma mazauninsa, ja wur. Na ce musu, "Wancan na sama aikin marigayiya ne. Ita ta bar shi a haka da gangan, don ta san bai gyaru ba, kuma ba ta son a manta. Ta yi niyyar gyarawa, Allah bai nufa ba. Mu za mu ƙarasa."

Oga ya tashi ya shige ofishinsa ya rufe ƙofa.

Na koma ciki na zauna, sai a lokacin kukan da na riƙe tun safe ya zo. Ina cikin yi na ji an jawo kujera kusa da ni. Nafi'u ne. Tun ranar da aka sa shi ya rubuta ɗarin nan ba ya iya haɗa ido da kowa. Bai ce mini sannu ba, bai ce na kyauta ba. Ya buɗe sashen nata, ya gangara, ya gangara, abu ya ƙi ƙarewa. Ya ce, "Daga ina za mu fara?"

Na ce daga 'idan' na farko. Mu rubuta kowace hanya, mu gwada ta, kafin mu taɓa komai. Haka ta koya mana.

Mun fara. Ba mu yi nisa ba, don idanunmu ba sa gani sosai yau. Ba za mu gama kafin Litinin ba, ko kusa. Masu asibitoci za su zo su tarar da ja, in ba a sake sa wani ya goge ba. In an goge, kun dai ji daga bakina yadda aka yi. Abin da zai same ni bayan nan ban sani ba, kuma yau ba shi ne a gabana ba.

Hoton allon kore yana nan a shafinsu har yanzu, mutane suna ta yabawa suna cewa masha Allah. In kun ci karo da shi, ku yi wa matar da ke gefe addu'a, amma ku sani wancan allon ba nata ba ne. Nata yana da ja a ciki, kuma nata jan ne a sama.

Ku da kuke wannan sana'a tamu, ina roƙonku abu ɗaya. In abin aunawarku ya nuna muku ja, kada ku ɗaga ma'auni don baƙo zai zo. Ku bar shi ya ba ku kunya, kunyar ba ta kisa.

Kuma don Allah kada wanda ya zagi kowa a ƙarƙashin rubutun nan, kada a tambaye ni sunan kamfani. Ba ta son haka. Ko sunan mai ja ba ta yarda a sa a allo ba.

Gobe zan koma wurin Hajiya. Zan gaya mata gaskiya daidai yadda za ta iya ɗauka: 'yarta ba ta gama ba, amma ta nuna mana inda ta tsaya, kuma akwai masu ƙarasawa.

Ya Allah, ga Bilkisu nan ta zo gare Ka. Ka gafarta mata, Ka yi mata rahama, Ka sa ciwon da ta sha ya zama kankarar zunubi. Ka haskaka kabarinta, Ka yalwata mata shi. Ka ba Hajiya da mijinta da 'ya'yanta haƙurin wannan rashi, Ka raya abin da ta bari. Duk marar lafiyar da gargaɗin nan ya taɓa tsarewa, Ka sa ladan a mizaninta.

Ta ƙi a rufa mata asiri a nan, saboda 'ya'yan mutane. Ya Allah, Kai Ka rufa mata a can.

Duk wanda ya karanta har nan, ko bai san ta ba, ya tsaya ya yi mata addu'a da bakinsa kafin ya wuce. Sunanta Bilkisu.